Wa Yake Wanke Madubin Baba?

Litinin, ƙarfe bakwai saura kwata na safe

Yawancin mutane suna zaton hazon da ke rufe madubin banɗaki tururi ne ya zo ya zauna a kai. Shi ya sa suke sa hannu su share, kafin su ɗauki reza ya sake rufewa, su yi tsaki. Ba tururi ba ne. Ruwa ne, ɗigo-ɗigo ƙanana da ido ba ya iya rarrabewa. Iska mai ɗumi ta kwaso danshi daga bokitin wanka, ta taɓa gilashi mai sanyi, sai ta sauke kayanta a nan. Kowane ɗigo yana karkatar da haske ta inda ya ga dama, sai fuska ta ɓace. In ka share, gilashin dai yana nan da sanyinsa, wasu ɗigon su zo su maye gurbi.

Maganin ba shi da wuya. Ka sami busasshen sabulu ka goga a busasshen madubi, ka bi shi da tsumma mai laushi har ya yi ƙal kamar ba a sa komai ba. Ɗan abin da ya rage ba ya barin ruwa ya dunƙule, shimfiɗa shi yake yi, haske ya wuce abinsa. Shafi ɗaya yakan yi kwana uku ko huɗu.

Ji ni, ina ta darasi ba ɗalibi ko ɗaya. Shekara goma sha bakwai ina koyar da kimiyya a sakandare, ko littafin sirrina na buɗe sai hannuna ya ɗauka allo ne.

Abin da ya sa na ɗauko biro shi ne Baba ya yanke kansa yau wajen gyaran fuska. A ƙasan kumatu, gefen hagu. Yankan bai kai tsawon farce ba, amma maganin da likita ya ɗora shi a kai na tsinka jini ne, sai da muka kusa cinye rabin ƙunshin auduga kafin ya tsaya. Yau kwanansa goma sha biyu a gidanmu tun da aka sallamo shi daga asibiti. Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana riƙe da shagon aski, bai taɓa fitar wa kowa jini ba, yau ga shi zaune a bakin gado matata tana danne masa kumatu.

Na leƙa banɗakin bayan ya fito. Madubin fari fat, ko inuwata ban gani ba. To ina laifin Baba? Laifin madubi ne, wannan kuwa na san maganinsa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta kira. Ban san wa ya gaya mata ba, ni dai ban faɗa ba.

"Auta, kai da hankalinka ka bar tsoho da aska a hannu? Aska fa, ba ma reza ba!"

Na ce tasa ce, da ita ya zo a aljihun jaka, ita da fatar da yake wasa ta.

"To buɗe kunnenka. Asabar ta uku daga yau ina tafe. In na ga sabon yanka ko ɗaya a fuskarsa, mota zan sa shi mu taho. Na riga na yi magana da wani ma'aikacin jinya a layinmu, zai riƙa zuwa yana yi masa da kilifa, injin askin nan na lantarki. Ita kuwa askar nan, ba zai sake ganinta ba."

Muryar Yaya ba ta buƙatar sifika, Baba yana jin komai. Sai da ta kashe ya yi magana. Maganarsa a hankali take fita yanzu, sai mutum ya jira.

"Ranar da hannun wani ya yi min aski," ya ce, "ku kira masu wankan gawa kawai, an gama."

Na ce haba Baba. Matata ta tashi ta shiga kicin.

Yaya ba muguwa ba ce, ita ta kwana da shi sati biyu a asibiti. Amma gidanta a hawa na uku yake, ba tsakar gida, ba wanda ya san shi a unguwar. Nan kuwa tsofaffin da ya yi wa aski tun suna samari suna zuwa su zauna da shi a ƙofa. In ya tafi can, ba askar kaɗai za a karɓe masa ba.

Na shafa wa madubin sabulu da hannuna, na goge, na matsa na hura masa numfashi. Ko ɗis bai kama ba. Shi ke nan.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Madubin fari fat.

Na tsaya ina kallonsa kamar wanda aka mara. Wataƙila na goge da ƙarfi har na kwashe sabulun duka. Yakan faru. Na sha gaya wa ɗalibaina, in gwaji ya ƙi, a fara tuhumar hannu kafin a tuhumi ilimi.

Abu ɗaya na lura da shi. Babu alamar an share. Duk wanda madubi ya rufe masa yakan sa tafin hannu ya ja ko sau ɗaya. Nan ba a ja ba. Ƙila hannunsa ne bai kai ba.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Fari fat. Jiya da magariba kuwa da idona na ga ya ƙi kama numfashi.

Alhamis, ƙarfe goma da rabi, ɗakin malamai

Na fara zargin sabulun. Mai kantin layinmu ya canza kaya kwanan nan, takardar iri ɗaya, ƙamshin daban. Na yanko guntu na zo da shi makaranta tare da ƙaramin madubin jakar matata, na ce wa 'yan aji biyu yau za mu kama ɓarawo. Aji ya ɗauki ihu. Muka tafasa ruwa a ɗakin gwaji, muka shafa, muka kara madubin a kan tururi. Tas! Fuskoki arba'in suna turereniya a ciki, 'yan baya suna cewa, "Malam, wallahi sihiri ne!" Na ce ba sihiri, na zana musu ɗigo dunƙulalle da ɗigo shimfiɗaɗɗe a allo, har masu barcin aji suka farka.

Sun ji daɗi. Ni ban ji ba. Sabulun lafiyarsa ƙalau. Na zalunci mai kanti a zuciyata, Allah ya yafe min.

In ba sabulu ba ne, ba hannuna ba ne, saura me? Mu uku ne a gidan.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Yanka na biyu. Gefen hagu kuma, kusa da kunne. Minti ashirin da biyar.

Da jinin ya tsaya na zauna kusa da shi ta dama, na lallaɓa. Na ce Baba, me zai hana ka yi askin kafin wanka, madubi bai ga ɗumi ba tukuna? Ko in kawo maka wani nan ɗaki, ga haske ta taga?

Ya yi min irin kallon da yake yi wa masu koyon aiki in sun riƙe almakashi a karkace.

"Farfesa," haka yake kirana in zai yi min ba'a, "gashi sai ya sha zafi yake kwanciya. Ka gama wanka, fata tana tururi, nan take ka sa aska. In ta huce, ƙaya kake nomewa. Wannan ba ya cikin littafinka?"

Na ce akwai.

"To bar ni da abin da na sani."

Matata tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon auduga, ba ta sa baki ba. Da can da ta goya min baya. Kwanan nan duk maganar da ta shafi madubi sai ta sami abin yi a kicin.

Yaya ta kira ɗazu, na ce lafiya lau. Shekara goma sha bakwai ina gaya wa yara ba a gyara sakamakon gwaji, ga ni ina gyarawa.

Lahadi, ƙarfe shida da rabi na safe

Yau na bi abin a tsare, yadda ya kamata in yi tun farko.

Biyar da rabi, bayan na idar da salla, na shiga na hura. Bai kama ba. Sabulu yana nan.

Shida saura kwata matata ta shiga da bokitin ruwan zafin Baba, kamar kullum. Ta daɗe. Ajiye bokiti ba ya cin minti huɗu. Na duba agogo.

Ƙarfe shida, kafin Baba ya taso, na faki ido na shiga na ja yatsa a madubin. Ƙiiii! Kukan wankakken gilashi.

A bayan bahon wanki na sami tsumma, ragowar yadin da take ɗinki da shi. Jiƙe yake, da sauran ɗuminsa.

Na mayar da shi inda na same shi. Na sha shayi, na ce ya yi daɗi.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Wataƙila tsafta ce kawai. Mace ce da ba ta iya ganin tabo ta wuce. Amma sabulun ba ya barin tabo.

Talata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na dawo da wuri, na ji keken ɗinki shiru. Tana ciki tana waya ƙasa-ƙasa. Abin da ya shiga kunnena ke nan:

"Yaya, ni dai ba zan faɗa ba. Ki zo ki gani da idonki."

Da ta ji motsina ta ce sai anjima, ta hau taka keke.

Ba na son abin da nake tunani, amma zan rubuta shi ko ya ragu a kaina. Ita ke dafa masa abinci marar gishiri daban. Ita ke wanke zanen gadonsa, ita ke ɗaukar ruwa. Ɗinkin mutane ya taru a kan tebur, mata biyu sun zo sun karɓi yadinsu ba a ko yanka ba. In Baba ya koma wajen Yaya, wa zai huta? Madubi ya rufe, tsoho ya yanke kansa, Yaya ta zo ta gani. Ba wanda zai ce ita ta kore shi.

Shekara tara muna tare. Ita ta ce a kawo shi nan tun ban furta ba. Na san wannan. Na kuma san tsumman.

Laraba, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Na uku. Haɓa, ta hagu. Saura kwana goma Yaya ta zo.

Alhamis, ƙarfe goma da rabi, ɗakin malamai

Na kama ta.

Da ta ɗauki bokiti na bi bayanta. Ƙofar a sakaye, na tura. Tana tsaye a kan yatsun ƙafa tana dirzar madubin da tsumma.

"Me kike yi?"

Ta juyo, ko firgita ba ta yi ba. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

"Abin da ka gani, Malam."

"Kin san abin da na shafa?"

"Na sani."

"Kin san don me na shafa?"

"Na sani."

"To jiya da kike danne masa haɓa, jini yana bin yatsunki, ba ki ji komai ba?"

Ta matse tsumman, ta rataye shi a bakin baho.

Sai na faɗi sauran. Ba zan kwafe shi duka a nan ba. Na ambaci Yaya, na ambaci wayar. Na ce in ta gaji da ubana ta faɗa da bakinta, ba sai ta sa ya yanke wuyansa ba.



"Ka gama?" ta ce. "To matsa, ruwan Baba zai huce."

Bango ɗaya ne tsakanin banɗakin da ɗakin Baba. Ban tuna ba sai da na kama hanyar makaranta.

Darasi biyu na yi yau, ban san me na faɗa ba.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Ta ajiye min abinci a rufe. "Sannu da zuwa." "Yauwa." Iyakarmu ke nan. Baba bai yi aski ba yau.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Bai yi ba. Bai fito ƙofa ba. Abokansa sun zo, na ce musu barci yake.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

A rayuwata ban taɓa ganin Baba da gashin kwana biyu a fuska ba. Yau furfura ta rufe masa kumatu kamar an yayyafa toka. Askar tana kan tebur a naɗe, ya juya mata baya.

Ba yanka dai, na ce wa kaina. Yaya za ta zo ta ga ba yanka. Na ci nasara ke nan? Madubin tas, ba mai taɓa shi, ba mai kallonsa.

Litinin, ƙarfe shida saura kwata na yamma

Ina shigowa matata ta ce, ba ta ko ɗago daga keke ba, "Baba yana nemanka."

Na shiga na ja kujera ta dama.

"Ba nan ba. Zagayo."

Na ce nan ma ina ji.

"Na ce zagayo. Tun da muka baro asibiti ta dama kake zama. Ka ɗauka ban lura ba?"

Na zagaya ta hagu na zauna. Yau zan rubuta, tunda kwana ashirin da shida ina kewaye-kewaye. Ciwon ya shanye masa ɓarin hagu, gefen nan ya sauka. Idon ya faɗa, leɓen ya zube ƙasa, yawu yana taruwa a kusurwar baki bai sani ba. Fuskar Baba ke nan yanzu.

"Ni na sa ta," ya ce.

Ban gane ba da farko.

"Madubin. Ni na roƙi 'yar mutane ta riƙa wankewa, na sa ta rantse ba za ta gaya maka ba. Kullum da safe sai ta ce, Baba ka janye, za ka ji ciwo. In ce a'a. Ta tafi ta wanke tana hawaye. Kai kuma ka zo ka ɗora mata naka."

Na sunkuyar da kai.

"Sabulu a madubi! Mu muke yi a shago lokacin sanyi tun kana rarrafe. Da na ji kana ta shafe-shafenka ranar nan, na san gobe sai mun haɗu da mutumin da ke cikin madubi. Sau ɗaya na gan shi a gilashin tagar asibiti, ya ishe ni. In kama ruwa ne, kaina a ƙasa nake shiga, a ƙasa nake fita. Aski ne kawai ke sa mutum ya ɗaga kai."

Na ce to Baba, ta yaya kake yi ba ka gani?

"Da yatsa. Dama ina ji, ko ido rufe zan aske ta. Hagu ba na ji, kamar fuskar wani ce aka ba ni aro. Inda ba na ji, nan ne sai na gani. Nan ne kuma ba na son gani. Ga lissafi nan, Farfesa, warware."

Keken ɗinki ya tsaya a can. In na rasa amsa a aji, tambaya nake yi, yau ma ita na yi.

Na ce, Baba, in kana yi wa mutum gyaran fuska, ina kake kallo?

"Tsakanin yatsu biyu. Ka ja fata da babban yatsa da manuni, abin da ke tsakani shi ne aikinka. Ka gama, ka matsa gaba. Wanda ke kallon fuska duka, hira ya zo yi."

Na ce kamar girman me? Ya nuna da hannun dama. Bai wuce akwatin ashana ba.

Na ce to in na shafa sabulu daidai wannan kaɗai, sauran madubin in bar wa hazo fa?

Ya ɗaga hannun hagu kaɗan, ya bar shi ya faɗa kan cinya.

"Wannan ba ya jan fata."

Na ce ga nawa. Askar tana hannunka, ni ko kubenta ba zan taɓa ba. Fata kawai zan ja.

"Mai koyon aiki ke nan."

Na ce shi.

"Ban taɓa ɗaukar mai digiri ba. Kun cika tambaya." Ya share bakinsa da bayan hannu. "Je ka ba 'yar mutane haƙuri tukuna, kafin ka taɓa min fuska."

Litinin, bayan magariba

Na ba ta haƙuri. Na faɗa mata komai, har da agogon.

Ta tsayar da keke. "Agogo ka duba? Gwaji ka yi a kaina, Malam, kamar kwaɗon ɗakin kimiyyarku?"

Na ce na yi.

"Yankan farko ni na gaya wa Yaya, tsoro na ji. Tun daga nan take matsa min in faɗa mata ko ya sake. Ƙarya ba zan yi mata ba, tona ku kuma ba zan yi ba. Wayar da ka laɓe ka ji ke nan."

Na ce ta yafe min.

"Zan huce. Amma ba yau ba. Kada kuma ka tsaya min a ka kana ƙirga minti nawa zan ɗauka."

Talata, ƙarfe goma da rabi, ɗakin malamai

Jiya na wanke madubin da kaina, na bar shi ya bushe, na shafa sabulu daidai tsayin kumatun Baba, girman da ya nuna.

Yau da ya gama wanka ya ƙwanƙwasa ƙofa na shiga. Madubin fari fat, sai 'yar taga guda a tsakiya, tas. Na tsaya ta hagunsa. Ya sa kumfa, ya matso da kumatu har ya cika tagar, na sa yatsu biyu na ja.

"Sama, ba gefe ba! Fata ce, ba tabarma ba."

Na ja sama. Abin da ke cikin madubin yatsuna ne, da farar kumfa, da bakin aska. Ƙarar na fara ji, shar, shar, irin wadda nake ji a shago ina ƙarami. Ya gama yanki, ya matsa fuska, in bi shi da yatsu. Da muka zo kusurwar baki yawu ya zubo, na share da babban yatsa muka ci gaba.

Minti ashirin. Ba jini. Na makara, shugaban makaranta ya dubi agogonsa ya dube ni, na ji yadda abin yake.

Alhamis, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ba jini jiya, ba jini yau. Ya fita ƙofa jiya da yamma, na ji su suna dariya.

Da asuba na sami kaina ina hura wa madubin numfashi don in ga ko an taɓa. Ba a taɓa ba. Kunya ta kama ni ni kaɗai.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ta iso ƙarfe goma da kwalin sabuwar kilifa a hammata. Baba ya ƙi yin wanka da safe, ya ce sai ta zo. Bayan gaisuwa ta kama haɓarsa ta juya wajen taga, tana dubawa kamar mai sayen yadi.

"Wannan fa?" Tabon haɓa ne, ya zama siririn layi.

Na buɗe baki zan ƙara gyara sakamako, Baba ya riga ni.

"Na kwana goma ne. Akwai na kunne ma, ya warke. Ƙaninki ya ɓoye miki."

Ta juyo ta kalle ni. "Auta, zan dawo kanka."

"Tun Talata ba ko ɗaya," Baba ya ce.

"Wa yake yi maka?"

"Ni."

"Ban yarda ba."

"Duk gidan nan ba mai yarda da wani, jininku ne." Ya dubi matata. "'Yata, ɗora min ruwa."

Da ya gama wanka ya ƙwanƙwasa, na shiga, muka bar ƙofa a buɗe. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ta ga madubin, ta ga 'yar tagar.

"Wannan wace irin rowa ce? Sabulun ne ya ƙare, da ba za ku goge duka ba?"

Matata ta matso ta kama hannunta ta matse. Yaya ta sake duban madubin, ta dubi inda nake tsaye, sai ta gane.

Yau bai yi min faɗa ba ko sau ɗaya. Da ya gama ya wanke askar, ya goge, ya naɗe, sannan ya juyo mata da gefen hagu.

"Duba."

Ta sa bayan hannu ta shafa tun daga kunne har haɓa, ta sake shafawa. Idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi da faɗa.

"Kilifar nan dai a nan zan bar ta."

"Bar ta. Farfesa ya riƙa gyara ƙeyarsa, kunya take ba ni."

"In kuma na ji an yanke..."

"Daga bakina za ki ji."

Ta ci abinci, ta zage ni son ranta a tsakar gida, matata tana taya ta da ido. Ƙarfe uku ta shiga mota ita kaɗai.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Ba jini.

Yana naɗe aska yau, bai dube ni ba, ya ce, "In za ka sabunta shafin, ƙara faɗin yatsa ɗaya ta sama." Faɗin yatsa ɗaya ta sama, ƙasan idon ke nan. Na ce to. Ban yi tambaya ba, ko da yake uku sun zo min baki.

Kai da littafin nan ya faɗa hannunka wata rana, ɗalibina ne ko wani, gwada gobe da safe. Busasshen sabulu, busasshen madubi, tsumma mai laushi. Kada ka shafa duka, fara da girman akwatin ashana, ka kawo ruwan zafi ka tsaya ka ga yadda hazo zai zagaye wurin ya bar shi. In kuwa ba kai kaɗai kake amfani da madubin ba, kafin ka ɗauki sabulu ka je ka tambayi ɗayan iya inda yake so a shafa.